Shaidar Jibo Bakanike a Kan Injin Motar Rairayi

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah bakanike, a wani gari can bakin rairayi. Ba zan faɗi sunan garin ba, kada wani ya miƙe ya ce kakansa nake zagi. Sunan mutumin Jibo. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne, ko rumfar da yake aiki a gareji ta maigidansa ce. Ku saurara da kyau, musamman ku 'yan ƙungiyar makanikai da nake hange a sahun baya kuna sunkuyar da kai.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Mato, mai fataucin kanwa. Hanyar mahaƙar kanwar nan yashi ne zalla, babbar mota in ta shiga sai ta nutse. Sai ya sa aka samo masa tsohuwar Boswaja, irin wadda kuke ce wa kunkuru, aka yaye mata jiki, aka bar ƙarfe da kujera biyu, aka sa mata manyan tayoyi. Da ita ake kai wa ma'aikata ruwa da abinci. Direbanta wani Buzu ne mai suna Agali, baƙo, ba shi da kowa a garin sai Allah.

Injin irin wannan mota a baya yake, kuma ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Iska ce ke sanyaya shi. Akwai fanka, akwai kuma wata riga ta kwano da aka lulluɓe injin da ita, ita ke tattara iskar fankar ta tura ta jikin silinda. In babu rigar nan, fanka za ta yi ta juyi ne kawai, iskar na watsewa a banza, injin na dahuwa.

Wata rana aka kai motar gareji a sake mata filogi. Wanda ya karɓe ta shi ne Gambo, shugaban makanikan garin, maigidan Jibo. Shi ya koya masa riƙe sifana, shi ya tsaya masa wajen aure. Gambo gwani ne a manyan motoci, wannan ba a musu. Ya cire rigar kwanon don hannunsa ya kai inda yake so, da ya zo mayarwa ta ba shi wahala, sai ya wurga ta bayan rumfa, ya ce ai ma gara haka, inji ya sha iska sosai. Jibo ba ya nan ranar, ya tafi ƙauye ta'aziyya.

Agali ya ɗebi ruwa ya kama hanya, rana na dukan yashi. Bai yi rabin tafiya ba injin ya fara ƙara, ya yi wari, ya buga. Bawan Allah nan da ƙafa ya dawo gari, leɓensa duk sun tsattsage. Maimakon sannu, Alhaji Mato ya shaƙe masa wuyan riga ya ce, "Ɓarawo! Ka zuƙe baƙin man ka sayar, ka tuƙa mini mota a bushe!" Kafin la'asar an kai shi gaban alƙali, an kulle shi. In laifin ya tabbata, kurkuku ne, kuma har ya mutu ba mai sake miƙa masa makullin mota.

Aka sa raƙuma suka jawo motar. Alƙali ya ce a samo bakanike ya buɗe injin, ya zo ya faɗi abin da ya gani. Gambo ya yi wuf ya ce, "Yarona Jibo zai buɗe." Kun san dalili? Don ya san nasa ne.

Jibo ya yi bismilla ya kwance noti na ƙasa. Baƙin mai ya zubo, ya zubo, har ya cika tasa. Ya ƙone, yana wari, amma yana nan, ba wanda ya zuƙe shi. Ya sauke injin ya wargaza. Ƙarafan ƙasa, waɗanda su ke fara cinyewa in babu mai, ga su nan sumul. Ɓarnar duk a sama take. Fistin ya narke ya manne, ringi sun kakkarye, kan silinda ya lanƙwashe don zafi. Ya duba hagu ya duba dama, babu rigar kwano. Ya zagaya bayan rumfa, ga ta nan, wata babbar mota ta bi ta kai ta murƙushe ta. Wallahi sai da ya zauna a ƙasa, don ya gane hannun wanda ya yi aikin, kuma yana son mutumin nan kamar uba.

Sai ga Gambo ya tsaya a kansa. Ya ce, "Kai Jibo, me ka gani?"

Ya ce, "Baba, na ga mai."

"Ba ka ga mai ba. Zubar da shi a yashi, gobe ka ce wa alƙali a bushe ka same shi."

"Baba, na ga mai, ga shi a tasa."

"Yau ni kake mayar wa magana? Buzun nan waye naka? Gobe in an sake shi ko sallama ba zai yi maka ba, rairayi zai shige. Ni kuwa nan za ka ci gaba da ganina."

Jibo ya durƙusa ya ce, "Baba, kuskure ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa. Ka je da bakinka ka gaya wa Alhaji, ni zan gyara injin da hannuna, ba wanda zai ji sauran. Amma in tsaya gaban alƙali in ce babu mai, wannan kam ba zan iya ba."

Gambo ya ce girmansa ya wuce ya je ya ce ya yi kuskure a kan motar da ko lagireto ba ta da shi. Ya kaɗa riga ya tafi.

To, a garejin nan suna da wata al'ada, kuma kada ku yi mini kallon ba ku san ta ba. Bakanike ba ya tona aikin bakanike. In ka buɗe inji ka tarar da ɓarnar ɗan'uwanka, sai ka ɗora wa direba, ko ka ce mai ne gurɓatacce, ko ka ce ƙaddara ce. Suna kiran wannan rufin asiri. Rufin asirin me? Ku rufa wa mai laifi, ku tura marar laifi kurkuku, sannan ku zo sahun gaba kuna jan carbi!

Da safe makanikai suka kewaye Jibo. Wani ya ce masa butulu. Wani ya ce ya tuna 'ya'yansa. Wani dattijo ya ce a hankali, "Ɗana, in ka faɗa, ka bar garejin nan ke nan. Ba mai ara maka ko jak, ba mai sayar maka ko noti."

Jibo ya ce, "Na ji, Baba. Garejin naku ne, ku riƙe. Amma ran da za a tambaye ni, ba ku ne za ku amsa mini ba." Ya ɗauki tasar man a kai kamar mai talla, ya saɓa murƙusasshiyar rigar kwanon, ya ratsa tsakiyarsu ya nufi kotu. Kada fa ku ɗauka ba ya tsoro. Yana tsoro, ya dai tafi.

Ya ajiye kayan gaban alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga man, ba a sace shi ba. Zafi ne ya kashe injin, don an cire masa wannan rigar ba a mayar ba."

Alƙali ya ce, "Wa ya cire?"

Hawaye suka zubo wa Jibo. Ya ce, "Maigidana ne, Allah ya gafarta Malam. Ba da mugunta ya yi ba."

Kotu ta kaure. Gambo ya miƙe ya rantse yaron nan so yake ya gaje kujerarsa. Makanikai suka ce kwano ai ado ne, ba ya hana inji komai. Alhaji Mato kuwa, da yake ya riga ya kira mutum ɓarawo a bainar jama'a, ba ya son ya janye. Alƙali ya ga mutum ɗaya ne a gefe guda, gari guda a ɗaya gefen. Sai ya ce, "To, kai mai maganar kwano, haɗa injin ka sa masa rigarsa. Direban nan zai kai ta mahaƙa da tsakar rana ya dawo. In ta dawo, na sake shi. In ta buga, ku biyu zan haɗa."

Jibo ya ce, "Na yarda."

Da ya koma ya tarar an watso masa akwatin kayan aikinsa waje. Ya kwashe ya koma gindin wata tsamiya a bakin hanya. Duk mai sayar da kayan mota a garin ya ce masa babu, alhali ga kayan a rataye. Sai da ya hau mota zuwa wani gari ya samo fistin da ringi da kan silinda na wata matacciyar kunkuru. Rigar kwano kuwa ba ta samu ba. Ya je wurin wani maƙeri mai yin murhu da akwatin ƙarfe, suka buɗe murƙusasshiyar suka auna, suka yanka sabuwa daga jikin tsohuwar ganga. Ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya goge bawul har suka zauna daram, ya ɗaure notuna bi da bi, ya toshe duk wata kafa da iska za ta sulale. Makanikai na wucewa suna yi masa dariya, suna cewa ga mai ɗinka wa inji riga. Ko kai bai ɗaga ba.

Ranar gwaji aka fito da Agali, aka haɗa shi da ɗan sandan kotu. Jibo ya murza makulli, inji ya tashi. Agali da ɗan sandan suka tafi rana na tsaka. Gari ya taru a bakin hanya, wasu na addu'a ta dawo, wasu, Allah ya shirye su, na addu'a ta buga. Can da yamma aka hango ƙura, sai ga mota ta tsaya gaban kotu, inji na aiki lafiya lau. Alƙali ya dubi Agali ya ce, "Tafi, ba ka da laifi." Buzun nan ya kama hannun Jibo da hannu biyu.

Na ga kun gyara zama, kuna jira in ce Jibo ya yi arziki, an naɗa shi shugaba. A'a. Ba a mayar da shi gareji ba. Alhaji Mato bai sake kai masa aiki ba, don ganinsa na tuna masa kunyarsa. A gindin tsamiyar nan ya tsufa, yana gyaran injin niƙa da babur. Kullum in Gambo zai wuce sai ya ajiye sifana ya durƙusa ya gaishe shi, Gambo ya kau da kai. Haka har Gambo ya rasu, bai amsa ba ko sau ɗaya. Abin ya ci Jibo a rai ƙwarai, ya yi kuka a jana'izar kamar ɗan cikinsa. Amma da wani ya ce masa da ka yi shiru ai da ba haka ba, sai ya ce, "Ko yau aka mayar da ni gaban alƙalin, mai na gani."

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Shaidar zur babban zunubi ce, ko don uba aka yi ta, ko don maigida, ko don ƙungiya. Biyayya ga na gaba wajibi ce, amma ta ƙare a inda za a zalunci wani. Kai bakanike, kai tela, kai magini, kai mai awo a kasuwa, kowannenku ya san ɓarnar da ya gani ya yi shiru, ya bari aka ɗora wa baƙo ko yaron shago, don mai ɓarnar ɗan sana'arku ne. Za su kore ka? Su kora, arzikinka ba a aljihunsu yake ba. Za su daina amsa gaisuwarka? Ka ci gaba da gaishe su. In akwai wanda yake ɗauke da laifin da ka san ba nasa ba ne, kada ka kwana yau ba ka je ka faɗa ba. Allah Ya ba mu ikon faɗin abin da idonmu ya gani, ko da mu kaɗai ne a tsaye. Ku ce amin, ku tashi a tsai da sahu.