Hakimi Zubairu da Agogon Tsofaffi

A zamanin da samari suka watse birane neman abinci, aka bar garuruwa da masu furfura, an yi wani hakimi a Kwarin Ɗinya ana ce masa Zubairu. Mutumin kirki ne, sai dai yana da saurin yarda da duk abin da aka kawo masa a cikin kwali. Tsofaffi sun yi yawa a garinsa, ma'aikatan jinya kuwa uku ne kacal. Su ne a asibiti, su ne kuma masu bin gida-gida duba waɗanda ƙafa ta daina kai su ko'ina.

Ana nan sai aka kawo wani agogon hannu aka ɗaura wa kowane tsoho. Agogon yana auna bugun zuciya da hawan jini, ya aika asibiti da kansa. Kowace safiya kuma yakan yi magana da Hausa tsaf, ya ce, "Yaya jiki?" Mai sauƙi ya danna kore, wanda jiki ya matsa wa ya danna ja. Kada a ci haƙƙinsa, agogon ya yi aiki, don sau biyu yana tona hawan jinin da ya kusa kayar da mutum. Da kwamitin lafiya suka ga an yi wata uku allon asibiti kore shar, sai suka rubuto takarda cewa a daina bin gidaje, ma'aikata su zauna inda layi ya yi tsawo, kada a fita sai an ga ja. Sa hannun Hakimi kawai ake jira.

Takardar ta kwanta masa a rai, don shi ma shaida ne. Mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, tana sashenta a cikin gida da nata agogon, shi kuma yana ganin launinta a wayarsa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka akwai kunyar nan ta gado a tsakaninsu. Ba ta kiran sunansa, ba ya shiga ɗakinta, daga bakin labule yake durƙusawa ya gaishe ta ya juya.

Ya ɗauki biro ke nan bayan la'asar, sai ga Gwaggo Ladidi ta fito daga cikin gida tana dogara sanda. Ƙanwar mahaifinsa ce, ta yi shekara talatin da biyu tana aikin jinya kafin ta ajiye. Ta dubi takardar ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe an kusa hutar da ƙafafun 'yan asibiti. Ajiye biron nan tukun, ba gudu zai yi ba. Ina so in ba ka labarin Baba Kande mai daddawa."

Hakimi ya ce, "Gwaggo, ina sauraro." A ransa kuwa yana fatan labarin gajere ne.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "A garin da na ƙare aiki, an riga ku samun irin wannan agogo. Cikin tsofaffin da ke hannuna akwai Baba Kande, mai ciwon suga. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ne, Sa'idu, direban babbar mota, shi ma yana ganin launinta a wayarsa duk inda yake. Da can kowace Talata ina gidanta. Kafin in buɗe jaka na gama rabin aikina, don ina duba ko an share tsakar gida, ko an hura wuta, ina jin warin ɗaki, ina kallon yadda take tashi daga tabarma. Da agogo ya zo sai na ga ai an sauƙaƙa mini. Na tsallake Talata ɗaya, na tsallake ta biyu.

"Shugabanmu a lokacin wani dattijo ne, Malam Jatau. Ya kira ni ya ce, 'Ladidi, yaushe rabonki da gidan mai daddawa?' Na nuna masa allo na ce, 'Malam, ga ta nan kore.' Sai ya ce, 'Zauna ki ji labarin Jaɓɓi da tsohuwar saniyarsa.

"'An yi wani makiyayi, Jaɓɓi, yana da saniyar da ta tsufa har ba ta iya bin garke. Yana ƙaunarta, don da nononta aka yaye 'ya'yansa. Sai ya ɗaure ta da doguwar igiya a gindin wani gawo kusa da rafi, inda ga ciyawa ga ruwa, ya rataya mata ƙararrawa a wuya. Ya ce, in dai ina jin ƙarar nan daga makiyaya, to tana kiwo. Ran farko ya ji, ya ji daɗi. Rana ta biyu ya ji, ta uku ma ya ji, har yana yabon dabararsa a gaban 'yan'uwa. Rana ta huɗu hanya ta biyo da shi ta wajen, ya tarar igiya ta naɗe mata ƙafa tun ranar farko. Tana kwance taku biyar daga ruwa, ba ta kai gare shi ba. Ƙarar da yake ji, kai take kaɗawa tana korar ƙudaje. Bai bar wurin ba sai da ta cika.'

"Malam Jatau ya dube ni ya ce, 'Ƙararrawar ba ta yi masa ƙarya ba. Motsi ta faɗa, shi ne ya ƙara ƙoshi daga bakinsa.'

"Ka san abin da na ce masa, ranka ya daɗe? Dariya na yi. Na ce, 'Malam, ai mutum ba saniya ba ne, yana da baki yana da yatsa.' Na koma kan aikina ina ganin na fi shi wayewa.

"Sai da aka yi mako shida, wata maƙwabciyarta ta zo ta ce mini ta ga Baba Kande ta daina fitowa shanya kalwa. Na tafi. Tun daga zaure warin ya gaya mini komai. Ƙaya ce ta soke ta a diddige, wurin ya ruɓe, baƙi ya hau har ƙwauri, ta lulluɓe shi da zane. Agogo yana hannunta, ta danna kore da safiyar ranar. Na ce, 'Baba, don Allah me ya hana ki danna ja?' Ta ce, ''Yar nan, wanda ya ce maka yaya jiki, ai da sauƙi ake ce masa, haka muka tashi. Kuma jan nan Sa'idu zai gani. Yana kan hanya da ƙatuwar mota, in tayar masa da hankali ya je ya faɗa rami?' Sai ta kama hannuna ta ce, 'Da kina zuwa, ai da kin gani da kanki, ba sai na faɗa ba.'

"An yanke ƙafar, amma an makara. Ba ta kai azumi ba. Ba wanda ya tuhume ni, don takarduna sun cika, allo ma shaida ne. Shekara tara ke nan, har yau in Talata ta zo ba na jin daɗin abinci."

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Agogo yana jin jini, ranka ya daɗe, amma bai san kunya ba. Tsofaffinmu kuwa da ita za a binne su."

Hakimi bai so a ce labari biyu sun kayar da shi ba. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. To amma Gwaggo, wannan ai mace ce ita kaɗai a gida. Dubi Hajiya, ga mutane kewaye da ita, ga ta kullum kore."

Gwaggo ta ce, "Yaushe rabonka da ka ga Hajiya a tsaye?"

Hakimi ya shiga tunani. Muryarta yake ji ta bayan labule, launinta yake gani a waya. Ya lissafa, ya kasa tuna ranar.

Gwaggo ta ce, "Daga wajenta nake. An sa ni na yi alkawari, kamar yadda aka sa matan gida, don haka ban ce maka komai ba. Amma da ni ce kai, yau ba zan tsaya a bakin labule ba."

Hakimi ya miƙe, ko takalmi bai tsaya nema ba, Gwaggo tana biye da shi. Ya yi sallama, ya ɗaga labulen da rabonsa da ƙetare shi tun yana saurayi. Hajiya Yalwa tana kishingiɗe a kan darduma, ƙafa ɗaya a miƙe, ga buta da kwano an matso mata da su kusa. Ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, ta ce, "Ladidi, ashe ba ki da amana."

Gwaggo ta ce, "Ni labarin saniya na ba shi." Sa'an nan ta gaya masa sauran, tun da ido ya riga ya gani. Kwana takwas da suka wuce Hajiya ta cire agogo za ta yi alwala, santsi ya kwashe ta. Ƙugu ya kumbura, daga gani akwai karaya. Tun ranar a zaune take salla, ta ce kada a faɗa wa mai gari, jama'a sun ishe shi.

Baƙin ciki ya cika Hakimi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Kwana takwas yana taku ashirin daga uwarsa, yana duban waya yana murna. Ya ce, "Na karɓa, Gwaggo. Takardar nan ba zan sa mata hannu ba. Agogo ya ci gaba da aikinsa, ya nuna wa ma'aikata gidan da za su fara, amma kowane tsoho a garin nan sai an gan shi da ido kowane mako, kore ne ko ja. Nawa laifin kuwa ba na kwamiti ba ne."

Aka kawo mota bakin zaure. Fadawa suka tsaya cirko-cirko, ba mai ikon shiga ya taɓa uwar Hakimi. Sai ya tuɓe babbar riga, ya sunkuya ya ɗauke ta da kansa. Rashin nauyinta ya ba shi tsoro, hawaye suka zubo masa. Hajiya Yalwa ba ta buɗe fuska ba, ba ta kuma yi masa magana ba. Sai da suka kai tsakar gida ta ce a hankali, "Ladidi, ki ce masa ya bi a sannu. Shi ma bayan nan nasa ba na yaro ba ne."