Ƙwaryar da Ta Ƙi Cika

An yi wani mutum a nan Gure, shekarar da fara ta cinye gero. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗiyarsa tana da rai, kuma tana ba ni goro. Dogo ne dai, mai wushirya, gidansa dab da tsohuwar rijiya. To, ni ban faɗa ba.

A shekarar nan wata dattijuwa, Ya Kaka, ta bi gidajen da har yanzu ake ɗora tukunya, ta ce kowace mace ta tara ƙanzo da tuwon da ya kwana, kada a ba akuya. Kullum a jiƙa shi a babbar tukunya, a raba da azahar. Amma ta san yunwa ta kama har waɗanda ba su taɓa miƙa hannu ba. Sai ta sa aka kafa zana, aka huda ta daidai shigar ƙwarya. Mai karɓa ya turo ƙwaryarsa, mai rabo ya zuba, ba wanda ya ga fuskar wani.

Mutumin nan aka ba ludayin, don rumbunsa cike yake. Kuma bai ci ko loma ba. Ku ji da kyau, ya 'yan uwa, ba ɓarawo ba ne. Son ganin ƙwaƙwaf kawai gare shi. Fuska ta ɓuya, amma ƙwarya fa? Kowace da kamanninta.

Ran nan aka turo wata ƙwarya mai zanen Fulani, an ɗinke tsagarta da jan zare. Ya gane ta. Ta gidan Bobbo ce, dattijon makiyayi daga wajen Kelle, wanda rabin garin nan sun sha nononsa kyauta kafin shanunsa su ƙare. Mutumin ya kai baki jikin zana ya ce, "Baffa Bobbo, ashe har da kai? Ina shanun?"

Ƙwaryar ta tsaya. Sannan ta koma a hankali, ba kome a ciki.

Da ya bar ta nan ma da sauƙi. Ranar kasuwa ya ba da labarin a rumfar mahauta, har da kwaikwayon yadda ƙwaryar ta ja da baya. Aka yi dariya. Ni ma an kawo mini, na saurara, Allah ya yafe mu.

Bobbo bai sake zuwa ba. Ya Kaka ta kai masa abinci har bukkarsa a bakin gari, ya ce alhamdu lillahi, yanzu suka ci. Ta koma, ya sake cewa haka. Kafin wata ya mutu aka yi masa sutura. Dangi suka zo suka tafi da matarsa Gidigir, da kayanta duka, har ƙoren. A idonmu aka ɗaure su kan jaki.

Bayan sadakar bakwai, rana tsaka, rabo ya kusa ƙarewa, sai ga ƙwarya mai jan zare ta shigo ta hudar zana. Mutumin ya zuba ludayi ɗaya, ya leƙa, gindinta a bushe. Ya ƙara. Ya juye tukunyar gaba ɗaya. Ƙwaryar na nan a miƙe, ba ta rawa. Ya zagaya bayan zana da gudu: yashi shimfiɗe, ko sawun kaza babu. Ya dawo, tana nan.

Matan da ke wurin sun rantse ba su ga ƙwarya ba. Sun dai ga abinci yana shiga huda, kuma bai zuba ƙasa ba.

Ya Kaka ta karɓe ludayinta. Shi kuwa ya fasa rumbunsa, ya sa matarsa daka da tuƙi, yana kai wa zana. Rumbu ya ƙare. Awaki suka bi. Matar ta kwashe yara ta koma gidan ubanta. Aka cire zanar aka ƙone, sai ya ci gaba da zama a gurbin, yana miƙa hannu daidai inda hudar take. Duk abin da aka ba shi ya ci, can yake turawa. Masu wucewa rijiya kan ji shi, murya ƙasa-ƙasa: "Baffa, ta cika?"

Damina ta zo da albarka, kowa ya ƙoshi. Shi kaɗai yunwa ta kashe a Gure shekarar nan, a zaune, hannu a miƙe.

Ya 'yan uwa, me ya sata? Ba hatsi ba. Rufin asirin bawan Allah ya yaye, abin da ya rage wa Bobbo ke nan a duniya, kuma ba a biyansa da gero. In kin zuba wa maƙwabciya tuwo, zuba, ki kau da kai, ki ɗinke bakinki. Na san da wuya, wa kuke gaya wa? Amma Wanda ya ba ki yau, Shi ya hana ta.

Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu da harsunanmu. Amin.