Rumbun Abarshi

Akwai wani mai haɗa manhajojin waya a unguwar Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, sunansa Abarshi. Wata shida ya kwashe yana fama da abu ɗaya: yadda saƙon manomi zai jira cikin waya a dajin da babu sabis, ya tafi da kansa da zarar sabis ya dawo.

Da Allah ya ba shi sa'a, sai ya ware wannan ɓangaren ya zuba a wani rumbu a intanet, inda duk mai haɗa manhaja zai iya jona tasa.

Abokinsa Suhaibu ya riƙe baki. "Mutumina, lafiyarka ƙalau kuwa? Saura mako biyu ƙungiyar manoma ta gwada manhajarka ta sanar da hanyoyi masu haɗari, ta ga ko za ta ba ka aikin. In wani ya ɗauka ya riga ka fa?"

"Ya ɗauka mana," in ji Abarshi. Amma fa samun aikin nan shi ne duk burinsa.

Wadda ta fara jonawa ita ce Helen, mai haɗa wa ungozomomin Kazage manhaja. Ana saura kwana uku gwaji ta kira shi.

"Malam Abarshi, da sabuwar waya kake gwaji ko? Matanmu tsofaffin wayoyi gare su. In caji ya ƙare, saƙon ɓacewa yake yi."

Nan take ya tuna: ai manoman ma irin wayoyin ne a aljihunsu!

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Na gyara a rumbun. Duba, in ya yi maka ka amince."

Ya duba, ya amince, gyaran ya shiga manhajarsa da tata gaba ɗaya.

Ranar gwaji aka je dajin Dogon Dawa, inda babu sabis. Shugaban manoma, Baba Yero, ya zaro wata tsohuwar waya ɗaure da roba. Yana gama rubuta saƙo, cajinta ya ƙare.

Aka dawo gari aka saka ta a caji. Tana kunnuwa, sai wayoyin jama'a suka ɗauki ƙara ɗaya bayan ɗaya.

"Ya shigo! Wallahi ya shigo!"

Baba Yero ya ɗaga hannun Abarshi sama. "Ɗana, aiki ya zama naka."

Abarshi ya fashe da hawayen murna.

Darasi: Ilimin da ka ɓoye, har kuskuren da ke cikinsa ka ɓoye wa kanka. Buɗe wa 'yan'uwa, za ka samu mai gyara maka. Ku tura wa abokanku masu sana'a su ma su karanta.