Sawun Malam Sadisu

Yaya Sadisu, kai ne mai ba da labari a gidanmu, ni ko aji huɗu ban gama ba. Yau ka bar mini, to bari in kwatanta.

An yi wani malamin firamare da ke karanta wa 'yan aji biyar labarin matafiyan da suka keta Sahara. In littafi ya ce raƙuma sun isa rijiya sun ƙi sha, sai ya rufe shi ya ce, "To, 'yan gidana, me marubucin ya ɓoye mana?" Yara su yi ta cacar baki har wani ya gano ruwan ne ya ɓaci. Yakan ce duk mai tafiya yana barin sawu, ko a ƙasa ko a takarda.

Wata Laraba cikin marka ya tafi birni karɓo alli, bai dawo ba. Gari na wayewa manya suka bazu kan babbar hanya, don a ganinsu malami mai farar riga ba zai bi fadama ba.

Lantana, ɗalibarsa, ta leƙa aji ta ga takalminsa na fata a ƙarƙashin tebur, na robar kuwa babu. Ta ce mai shirin taka kwalta ba ya sa takalmin laka. Manya suka ce ta koma gida, wanke-wanke na jiranta. Sai ta ja 'yan ajinsu biyu, Barau da Tanimu, suka nufi fadama.

Barau ne ya tsinci sawun. Sawun ya tafi daidai, ya yi tsalle gefe, daga nan ƙafar hagu ta fara jan ƙasa, ga kuma yagen farar riga. Barau ya ce maciji ne, Malam ya ɗaure ƙafa, kuma mai irin wannan tafiya ba zai tsallake rafi ba, su nema a wannan gefen.

Sawu ya ɓace cikin ciyawa. Tanimu, ƙaraminsu, ya lura da karan dawa a karye ƙasa-ƙasa, a jere, yadda mai rarrafe zai kama ya ja jikinsa. Ya bi su har wata bukkar gona. Can suka sami Malam da sauran numfashi, suka kira manya.

Da aka zo sa shi a mota, malamin ya yi murmushi ya ce ƙafar ma ta daina ciwo. Lantana ta ji sanyi a ranta. Suka karanta murmushin su uku, suka ruga gari suna shelar Malam ya samu sauƙi. Nan kaɗai karatunsu ya kuskure. Ba su ji abin da ya raɗa wa ƙanensa da zai raka shi asibiti ba: in ta Allah ta kasance, a ba wanda ya gano shi littafin matafiya.

Ba mu kai asibiti ba, Yaya. Motar na tsaye a bayan gari, na rufe ka da rigata, kuma har yanzu ban gaya wa kowa ba. Ina hango su ukun a ƙofar makaranta, sun share maka aji. Duk wanda na miƙa wa littafin, ba sai na buɗe baki ba, kai ka koya musu.

To ku masu saurare, tsakanin Lantana da Barau da Tanimu, wa ya cancanci littafin, ya kuma zama farkon wanda zai gane Malam ya rasu?