Mutumin da Ya Nutsar da Albasarsa

An yi wani mutum a tsakanin Kura da Bunkure, manomin rani. Ba zan faɗi sunansa ba, don surukinsa na iya kasancewa a sahun gaba.

Shekarar da korona ta sa aka kulle gari, motocin Kudu suka daina zuwa, tumatirin mutane ya ruɓe a kwanduna. Shi kuwa Allah ya taimake shi, ya sayar da nasa kafin a rufe hanya. Albasarsa kuma tana ƙasa, ta yi kai, sai sheƙi take.

Sai aka ji gwamnati za ta ba manoman da suka yi asara tallafi, za a zo a duba gonaki. Ya 'yan uwa, kun san abin da kalmar tallafi take yi wa zuciya. Ni da duk nomana bai wuce yakuwar bayan gida ba, ranar sai da na ji ni ma manomi ne.

Mutumin nan ya zauna yana baƙin cikin bai yi asara ba. Kun taɓa jin irin wannan ciwo? Sai Shaiɗan ya ce masa ai asara ƙirƙirarta ake yi: a cika fangali biyu da ruwa, albasar ciki ta ruɓe, a nuna wa ma'aikata.

To, ruwan kanal, wato babbar magudanar ban ruwa, bi da bi ake sha, kowa da ranarsa. Ranar ta maƙwabcinsa ce na ƙasa, Musbahu, wanda tumatirinsa ya ruɓe kaf, albasar da ta rage masa kuma ta fara lanƙwasa don ƙishi. In ta rasa ruwan ranar, gidansa ya rasa abincin shekara.

Mutumin ya tare magudana da buhun ƙasa, ya juya ruwan gonarsa.

Musbahu ya zo ya ce, "Baba Alhaji, yau fa ranata ce."

Ya ce, "Ɗana, albasa ba ta san ranaku ba. Ka dawo gobe."

Alhajin ya tafi cin tuwo. Amma wa ya gaya masa ruwa yana jin umarni? Ya cika fangali biyun, ya haura na uku, ya kwanta a gonar baki ɗaya. Da ya yi nauyi sai ya fasa kunyar iyaka, ya gangara gonar Musbahu, ya shayar da ita daidai buƙata, ya wuce.

Da ma'aikatan suka zo, warin ruɓa ne ya tarbe su. Babbarsu ta dubi taɓon, ta dubi buhun da ya manta bai cire ba, ta ce, "Baba, tari muka san korona tana sawa. Yaushe ta fara ɗaukar buhu?"

Tallafi bai samu ba. Albasa ta tafi. Ƙungiyar masu ban ruwa ta hana shi ruwa rani guda, dole ya jinginar da gonar. Musbahu kuwa ya sami tallafin tumatirinsa, ya kuma cire albasarsa lafiya. Alhamdu lillahi. Har gida ya kai wa Alhajin ta miya.

Ya 'yan uwa, wanda Allah ya kuɓutar, godiya ce aikinsa. Wanda ya yi wa Allah ƙaryar asara, to ya shirya karɓar ta gaske. Haƙƙin maƙwabci kuma, ko ka tare shi da buhu, ya san hanyar gidansu.

Allah ya wadata zukatanmu kafin aljihunanmu. Allah ya kiyaye mu.