Hamma da Ƙwayar Raguna

A wata ruga da ke bayan duwatsun Roni an yi wani saurayi ɗan kokawa mai suna Hamma. Shekarunsa ashirin da uku, dogo ne marar jiki, irin samarin da suka tashi suna bin shanu. In ka gan shi cikin riga sai ka raina shi, sai ya kama ƙugunka sannan ka gane kurenka. Allah ya ba shi ƙafa, ya ba shi numfashi, ya kuma ba shi ladabi. Abu ɗaya ne ya rasa, shi ne haƙuri. Hamma ko fura ba ya bari a gama dama masa, sai ya karɓe ƙwaryar ya sha da gudajinta. Mahaifiyarsa Inna Saude takan ce tun yana ciki ya fara gaggawa, don watansa bai cika ba ya fito.

Sau uku a mako yakan hau babur zuwa Kazaure, inda wani tsohon ɗan kokawa, Malam Sharfuddeen, yake horar da samari. A shekarar da wannan abu ya faru, an sanya gasar jiha a Dutse bayan kaka, kuma shiyyarsu mutum ɗaya za ta tura a kowane rukunin nauyi. Zuwa Dutsen nan shi ne burin Hamma, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Sai dai akwai cikas. Rukunin marasa nauyi, inda Hamma yake, yana hannun wani Musaddiƙ shekara uku ke nan, kuma Hamma bai taɓa kayar da shi ba. Sauran kuwa duk ya gama da su. Abokinsa Sama'ilu na Yankwashi ma har ya saba, in sun kama yakan ce, "Ka kayar da ni a inda babu tsakuwa don Allah." Rukunin manya kuma babu wani gwani a cikinsa, amma ba a shiga sai mutum ya kai kilo tamanin. Hamma kilo saba'in da ɗaya ne, kuma saura mako goma a yi zaɓen waɗanda za a tura.

Ran nan bayan an tashi daga horo ya durƙusa gaban malaminsa ya ce, "Malam, ni fa bana rukunin manya zan shiga."

Malam Sharfuddeen ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kilo tara a mako goma? Kai ɗan maraƙi ne? Ka tsaya inda kake, Hamma. Musaddiƙ ba dutse ba ne, watarana zai gusa. In ba bana ba, baɗi."

Kalmar baɗin nan ita ce ta tsaya masa a rai.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Halima Sa'adiyya, da ke zuwa filin sau ɗaya a wata ta auna 'yan wasa ta ba su shawarar abinci. Da ta zo, Hamma ya nuna mata hoton wani gwangwanin garin gina jiki a wayarsa, ya tambaye ta ko shi ne maganin matsalarsa. Ta yi dariya ta ce, "Ka san yawancin garin nan daga nono ake fitar da shi? Kai da ka baro nono a ƙwarya za ka nemi na gwangwani?"

Samari suka fashe da dariya. Ita kuwa ta gyara tsayuwa ta ce, "Ku saurare ni dukanku. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, zogale, tuwo daidai ciki, ruwa da yawa, barci isasshe. Da waɗannan da horo ake gina tsoka, kuma a hankali take ginuwa. Wanda ya ƙara kilo ɗaya na tsoka a wata ya gode wa Allah. Ƙarin sinadari irin na gwangwanin nan yana da amfani, amma ga wanda aka gwada aka ga ya rasa wani abu. Kada wanda ya sha komai bai nuna min ba."

Hamma ya ce, "To, Malama." A zuciyarsa kuwa lissafi yake yi. Kilo ɗaya a wata, wato sai damina ta sake zagayowa. Ya hau babur ransa a ɓace.

To, shi Hamma ɗan kiwo ne, kuma abin da ido ya saba gani shi zuciya take kawowa. Ya sha ganin yadda wasu masu turka ke yi gab da Babbar Sallah: rago ƙashi da fata, a ba shi wasu 'yan ƙwayoyi, kafin mako uku ya cika ya yi ɓul-ɓul. A gidansu ba a yin haka, amma ya san inda ake samu. Ranar kasuwa ya nufi rumfar wani mai sayar da maganin dabbobi, Daudu, ya rage murya ya faɗi buƙatarsa.

Daudu ya ce, "Rago nawa ne?"

"Ba rago ba ne. Ni ne."

Daudu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai ba kai ne farau ba, har mutanen gari na saye." Ya ƙulla masa wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a leda, ba suna ba takarda, ya haɗa masa da wani garin bitamin mai hoton bijimi a jikin ledarsa. Ya ce, "Ƙwaya biyu ake ba rago a rana."

A hanya Hamma ya yi irin lissafin da ya iya. A wurin makiyayi, magani da nauyin dabba ake auna shi. Shi kuwa ya yi rago biyu. Saboda haka ya yanke wa kansa huɗu, biyu da safe biyu da yamma, garin kuma cokali guda a cikin fura. Ya ji daɗin wayonsa ƙwarai, har yana tausayin Malama Halima da karatunta.

Gaskiya ƙwayar ba ta yi masa ƙarya ba a kan ma'auni. Cikin mako guda cinsa ya buɗe kamar an fasa rumbu. Wake da zogale suka daina isarsa, ya koma burodi da taliya da lemon kwalba, duk inda ya ga teburin mai shayi sai ya tsaya. Kumatu suka fito, wuya ya cika, ciki ya turo riga. Mutanen ruga suka riƙa cewa, "Kai, Hamma, hutu ya karɓe ka!" Shi kuma yana murmushi yana shafa fuska.

Akwai abubuwan da bai gaya wa kowa ba. Ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari kuma ba iyaka. Ƙaya ta soke shi a dunduniya, wurin ya yi mako uku bai rufe ba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne cinyoyinsa. Shi da yake haye dutsen bayan rugarsu a guje, yanzu in ya tashi daga sujada sai ya dafa ƙasa. Ya ce wa kansa ai sabon nauyi ne, ƙafa za ta saba. Ya rage zuwa horo, ya aika wa Malam Sharfuddeen cewa aikin girbi ne ya riƙe shi. Ranar da ya san Malama Halima za ta zo kuwa, ko hanyar Kazaure ba ya kallo.

Wata safiya yana taya Inna Saude tatsa, da ya zo miƙewa sai da ya kama ƙugun saniyar. Inna ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Zo nan." Ta sa babban yatsa ta danna ƙaurinsa, ta ɗauke. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ta daɗe tana kallon ramin nan, sannan ta ɗago.

"Hamma, shekara talatin ina taɓa dabba. Na san naman da ciyawa ta gina, na san wanda aka hura. Me kake sha?"

"Ba komai, Inna. Furarki ce."

"Furata ba ta taɓa kumbura kowa ba."

Ya sunkuyar da kai ya ɗauki ƙwarya ya wuce. Tunda ya yi wayo bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar, kuma abin ya dame shi har ya kasa karyawa. Ya ɗauko ledar kamar zai watsar a bayan garke. Sai ya tuna saura kwana goma sha biyu, kuma saura kilo ɗaya da rabi. Ya mayar da ita aljihu.

Ranar zaɓe filin Kazaure ya cika tun hantsi. An kewaye da'ira da buhunan yashi, makaɗa sun zauna, 'yan kokawa sun zo daga Babura da Roni da sauran garuruwa. Hamma ya hau ma'auni, allura ta tsaya a tamanin da ɗaya. Samari suka yi sowa. Malama Halima ba ta yi ba. Ta kalli fuskarsa da ta zama kamar faifai, ta kalli siraran cinyoyinsa, ta ce, "Hamma, me ka sha?"

"Abinci ne kawai, Malama."

Malam Sharfuddeen ya ce, "Dube ni nan. Tsakaninka da Allah?"

Ya ce, "Abinci ne, Malam." Da yake ba a san shi da ƙarya ba, aka rubuta sunansa a rukunin manya, amma Malama ta ce ko ya ci ko bai ci ba, yana fitowa ya same ta.

Da manya aka fara. Aka haɗa shi da wani ƙato daga Kanya Babba, mai ƙarfi amma mai nauyin ƙafa, irin wanda Hamma na da zai zagaya sau biyu ya ɗauke masa ƙafa. Alƙali ya busa usur. Hamma ya ga ƙofa a buɗe, ya duƙa ya shige ƙarƙashinsa ya rungumi cinyarsa, kamun da ya yi sau ɗari. Abin da ya rage kawai ya miƙe da shi. Ya yunƙura, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, suka hau rawa. Ƙaton bai ma yi wata dabara ba, ya dai sakar masa nauyinsa, Hamma ya durƙushe ya kife a yashi. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Makaɗa ma sai da suka tsaya, don ba su gane abin da ya faru ba.

Mutum biyu ne suka kama shi zuwa inuwar darbejiya. Malama Halima ta soki yatsarsa ta auna sukarinsa, ta auna bugun jininsa, sai ta yi salati. Ba ta sake tambayarsa ba, hannu kawai ta miƙa. Ya zaro ledar ya ba ta, idonsa na ƙasa.

Ta ce, "Huɗu a rana? Hamma, irin wannan ƙwaya ba ta gina tsoka, cinye ta take yi, kuma daga cinya take farawa. Abin da ka tara ruwa ne da kitse. Sukarinka ya hau, jininka ya hau. Kuma ka ji da kyau, kada ka ce za ka daina yau ɗaya, jikinka ya riga ya dogara da ita, yankewa farat ɗaya na iya kashe ka. Asibiti za mu, likita ya riƙa rage maka a hankali."

Ya ce, "Kokawa fa, Malama?"

"Ka manta da ita shekara guda. In Allah ya sa ba ta taɓa ƙashinka ba."

Malam Sharfuddeen na tsaye a gefensu. Suna nan suna jiran mota sai ganguna suka ɗauka, fili ya kaure da ihu. An gama rukunin marasa nauyi. Hamma ya ɗaga kai don ya ga Musaddiƙ a kafaɗun mutane kamar kullum, sai ya ga Sama'ilu.

Ya ce, "Malam, ina Musaddiƙ?"

"An kira shi aikin soja, shekaranjiya ya tafi. Da kana zuwa horo da ka ji."

Can sai ga Sama'ilu ya ratso jama'a, jikinsa duk yashi, ya tsuguna gabansa. Ba izgili ya zo yi ba, shi mutum ne mai zuciya ɗaya. Ya kama hannun Hamma ya ce, "Wallahi da na ji Musaddiƙ ba ya nan, na ce shi ke nan, Dutse ta Hamma ce. Ni zuwa na yi kawai in taya ka murna."

Maimakon ya yi masa barka, sai hawaye suka zubo wa Hamma. Ya ja rigarsa ya rufe fuska, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro. Gurbin da ya lalata jikinsa don ya kauce wa jiransa, ashe da ya zauna da kilonsa saba'in da ɗaya, da ranar nan ya same shi a zaune.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, jikin ɗan wasa ba a hura shi, gina shi ake yi, da abinci mai kyau da horo da hutu da lokaci. Nauyi daban, ƙarfi daban. Duk ƙwaya ko garin da ba shi da suna, ko aka yi shi don dabba, ko wanda ma'aikacin lafiya bai duba ya amince ba, kada ya shiga bakinka komai daɗin bakin mai sayarwa. In kuwa ka riga ka fara, kada kunya ta sa ka ɓoye wa waɗanda za su cece ka. Sau da yawa abin da kake gaggawa a kansa yana tafe a hanya, gaggawar ce take sa ya iso ya tarar ba ka da ƙafar tashi ka karɓe shi.