Gaiwa da Kogi Mai Kunya

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To ku matso kusa. Yau a gajiye nake, ba zan ɗaga murya ba.

Gaiwa ce dai, kifin nan mai santsi, aka aiko mata cewa uwarta na kwance ba lafiya can Tafkin Chadi. Ita kuwa tana ƙasar Kano, ba ƙafa ba fiffike. Sai ta je wajen Kogi.

"Baba Kogi, ina aka nufa?"

"Ruwan bana zan kai wa Tafki."

"Ka tafi da ni mana."

"Faɗo, 'yata. Kafin a gama girbi mun isa."

Kogi mutumin kirki ne, sai dai kunya ta yi masa yawa. Ba ya wuce gari bai ratse ya gaisa ba. Abin da ya sa kuke ganinsa a karkace ke nan. Kuma a gidansu ba a hana mai roƙon ruwa.

Suna tafiya, suna tafiya, sai Haɗeja. Ga Ɗantani manomin shinkafa a bakin gaɓa.

"Maraba da babban baƙo! Ɗan jiƙa mini fadama."

Gaiwa ta ce, "Baba Kogi, uwata fa!"

"Yanzun nan, 'yata. Ɗan kaɗan ne."

Ɗan kaɗan ɗin, wata guda cur ya yi shimfiɗe a fadama.

Suka kama hanya har Gashuwa. Ga Ya Kolo mai tattasai ta kafa jigo.

"Bawan Allah, ka wuce shukata ta bushe? Guga goma kawai."

"Baba Kogi, uwata fa!"

"Yanzun nan, 'yata."

Guga goma ya zama dubu, don maƙwabta ma sun fito da nasu.

Da suka kai Gaidam, Kogi ya rame, da ƙyar yake jan jiki. Sai ga Jauro Sambo da garken shanu.

"Baffa, su ɗan kurɓa."

Wannan karon Gaiwa kuka kawai take yi. Kogi ya dube ta, ya dubi shanu, ya sunkuyar da kai. Shanu suka sha har suka ƙoshi.

Gaba kaɗan da Damasak, ana jin iskar Tafki, Kogi ya kwanta cikin yashi.

"'Yata, na ƙare. Ki yafe mini. Sai baɗi."

Rana ta buɗe, ruwa ya zama taɓo. Gaiwa ta tona rami, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta rufe ido tana jira.

Da shekara ta zagayo, Kogi ya dawo ya ɗauke ta. Suka zo inda Tafki yake, sai busasshiyar ƙasa. Ashe da Tafki bai sami ruwan bara ba, ya ja da baya.

"Iya, to ta ga uwar tata?"

Ina fa! Kowace shekara suka matso, Tafki ya ƙara nisa. Shi ya sa in kun haƙa taɓo da rani, za ku tarar da gaiwa a dunƙule da ranta. Jira take yi. Wanda bai iya cewa a'a ba, wanda ya dogara da shi yake cuta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Wani ya miƙo mini sandata.